TABON YANA BANGO, CUTAR TANA RUFI: YADDA AKE HANA BAƘIN SHATI A JIKIN MOTAR TAFI-DA-GIDANKA

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ƙasar Amurka akwai wata damuwa wadda ta daɗe tana addabar masu motocin nan na tafi-da-gidanka, wato motocin da aka ƙera da ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinsu, waɗanda iyali kan ɗauka su tafi yawon buɗe ido lokacin hutu. Mutum zai wanke motarsa fes da rana, a yi ɗan yayyafi cikin dare, gari na wayewa ya tarar baƙin shati ya zubo ziri-ziri tun daga bakin rufi har ƙasa, sai ka ce an yi kuka da kwalli a ido. Ya sake ɗauko bokiti ya wanke, kafin mako ya zagayo abin ya dawo inda yake.

Wanda bai sani ba zai ɗauka maganar ta ado ce kawai. Alhali kuwa ba a nan gizo ke saƙa ba. Shatin nan labari ne rufin mota yake aikowa ƙasa, kuma wanda ya tsaya gogar bango bai hau sama ya duba ba, yana iya wayar gari ya tarar dukiyarsa ta dubban daloli ta ruɓe ta ciki.

ASALIN MOTOCIN

Tun a 1885 wani likita ɗan Birtaniya, Dakta William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki a ciki, ya riƙa yawon shaƙatawa da shi. Da mota ta samu, sai abin ya bunƙasa a Amurka. Kamfanin Airstream, wanda Wally Byam ya kafa a 1931, ya yi suna da tirelolinsa masu ƙyalli na alminiyam, wato ƙarfen nan da muke kira sanholo. Kamfanin Winnebago kuma, wanda aka kafa a Jihar Ayowa a 1958, ya fito da motarsa ta farko mai inji da ɗaki a haɗe a 1966. Cibiyar wannan sana'a ita ce garin Elkhart da kewayensa a Jihar Indiyana, jihar da ake ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan motoci a Amurka. A 2021 kaɗai kamfanoni sun aika wa dillalai guda 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin shekarar.

Iri biyu ne manya. Akwai mai tafiya da kanta kamar safa, akwai kuma tirela wadda ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja. Amma dukansu, in ban da 'yan kaɗan, siffarsu ɗaya ce: dogon akwati mai faffaɗan rufi, da bango a miƙe sak, kuma galibi fari. Rufin ba shi da baki mai fitowa waje kamar na gidan kwano, domin doka ta ƙayyade faɗin abin hawa a kan hanya. Saboda haka duk ruwan da ya sauka a sama, jikin bango zai bi ya gangaro. Wannan siffa ita ce mafarin matsalar.

DAGA INA BAƘIN YAKE FITOWA?

A da, da ƙarfe ake rufa waɗannan motoci. Daga shekarun 1980 sai aka koma shimfiɗa wata irin roba mai suna EPDM a kan katako, a manne ta da gam, domin ba ta da nauyi kuma ba ta tsatsa. Daga baya aka ƙara fito da wata mai suna TPO, ga kuma masu rufin faiba, wato zaren gilashi da aka cuɗa da danƙo ya daskare.

Ita robar EPDM, zafin rana da iska suna cin fatarta a hankali, sai ta riƙa fitar da wani farin gari mai kama da alli. Wanda ya shafa tafin hannunsa a kan tsohon rufi zai ga ya yi fari fat. Masu ƙera robar sun san da haka, ba kuwa alamar lalacewa ba ce farat ɗaya. Sai dai garin nan ba shi kaɗai yake zaune a sama ba. Ƙurar hanya tana sauka a kansa, haka baƙin hayaƙin manyan motoci, da garin fure, da danƙon itatuwa, da kashin tsuntsaye. Inda ake da laima, kamar Jihar Fulorida, fumfuna ma takan tsiro a kai. A hamadar Arizona kuwa rana ce da ƙura suke aikin. Da ruwa ya taɓa wannan tarkace sai ya zama wani baƙin kwaɓi, ya malalo.

Bayan rufi, akwai waɗansu ƙananan kafofi. Baƙar robar da aka zagaye tagogi da ita tana tsufa ta riƙa zuba. Ƙarafan sanholo da aka bi gefen rufi da su suna fitar da wani toka-tokan datti. Danƙon da aka liƙe gaɓoɓi da shi yana kama ƙura. Sannan ga na'urar sanyaya ɗaki wadda ake kafawa a bisa rufi: tana tatso ruwa daga iska, lita da dama a yini idan akwai laima, ta sake shi a kan rufin, ya bi hanya ɗaya kullum ya sauko. Shi ya sa akan ga shati a jikin mota ko da an yi wata guda ba a ga hadari ba.

YAYYAFI YA FI MAMAKO ƁARNA

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da tsawonta ya kai mita 10, faɗinta mita 2 da rabi, rufinta murabba'in mita 25 ke nan. Ruwan sama na milimita 10, wanda ba wani ruwan a zo a gani ba ne, zai zuba lita 250 a kan wannan rufi, wato fiye da cikin durom guda. Duk sai ya bi ta bango.

Abin mamaki shi ne ruwa mai ƙarfi ba shi ne babban mai laifi ba, domin shi yana kwaso dattin kuma ya ɗauraye shi ya wuce. Masu ɓarna su ne yayyafi da raɓar asuba da ɗigon na'urar sanyi. Waɗannan ba su da ƙarfin ɗauraya. Sukan jiƙa dattin ne kawai, su gangaro da shi sannu-sannu, kafin su kai ƙasa rana ta fito ta busar da su, a bar baƙin a manne. Gobe wani ɗigon ya bi sawun na jiya. Idan aka bar shi makonni rana tana gasa shi, sai ya shige cikin ƙofofin fenti, sabulu ya daina fitar da shi.

Da an fahimci wannan, maganin ya fito fili. Na farko a rage dattin da ke sama. Na biyu a raba ruwan da bango. Na uku a sa wa bangon abin da zai hana datti kama shi.

A FARA DA WANKE RUFI

Masu ƙera robar rufi suna ba da shawara a wanke shi sau 3 ko 4 a shekara, a ƙara idan ana ajiye motar a gindin itatuwa ko wuri mai ƙura. Ba a bukatar kayan aiki masu tsada: tsintsiya mai laushi, buroshi mai dogon hannu wanda bai cika kaushi ba, bokiti, mesar ruwa, da sabulu maras ƙarfi ko wanda aka yi musamman don irin wannan rufi.

A fara share ganye da ƙura a bushe. Sannan, kafin a zuba ko ɗigon sabulu a sama, a jiƙa bangon motar gaba ɗaya da ruwa, domin dattin da zai sauko kada ya sami busasshen wuri ya kama. A riƙa wanke rufin kaɗan-kaɗan, kamar murabba'in mita guda, a ɗauraye kafin a matsa gaba. Ya fi kyau a yi aikin mutum biyu, ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa da mesa yana bin bango da ruwa. Da safe ko a inuwa ake yi, don kada kumfa ta bushe. Sai an gama da rufi sannan a wanke jikin motar, ba a fara da ƙasa.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su ga rufin roba ko kusa. Fetur da kananzir da man dizal da duk wani abin gogewa da aka yi da dangin man fetur suna sa robar ta kumbura, ta rabu da gam ɗin da ya riƙe ta. Haka masu ƙera ta suka hana abin wanki mai man ɓawon lemo, da hoda mai kaushi, da soson ƙarfe. Injin wanki mai feshi da ƙarfi kuma yana iya ɗaga danƙon gaɓoɓi ya cusa ruwa ciki. Wanda ya yi amfani da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓata lamunin da kamfani ya ba shi, wanda galibi na shekara 10 ne ko 12.

A nan ya kamata a ja kunne. Tsayin waɗannan motoci yakan kai mita 3 zuwa 4, kuma jiƙaƙƙiyar roba mai kumfa santsi gare ta ƙwarai. A sa takalmi mai kama ƙasa, a fara daga can nesa ana dawowa wajen tsani, a kuma lura da tagogin rufi kada a taka su. Ba kowane rufi ne aka yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba. Wanda bai tabbata da nasa ba, ya tsaya a kan tsani ya yi aikin da dogon buroshi.

HIKIMAR INDARARO

Mataki na biyu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan soro. Maginan Kano da Zariya sun san tun kaka da kakanni cewa ruwan rufi shi ne abokin gaban katangar ƙasa, shi ya sa suke kafa dogon indararo wanda zai watsa ruwan can nesa da jikin gini. Soron da indararonsa ya karye, damina ɗaya ta isa ta zana masa kwari a jiki.

Wannan hikima ita ce dai a jikin motar tafi-da-gidanka. Yawancinsu suna da wata siririyar magudana da ta bi gefen rufi daga gaba zuwa baya, a kowace kusurwa kuma akwai ɗan baki inda ruwan zai fita. Matsalar ita ce bakin nan gajere ne a motoci da yawa, ruwan ba ya tsallake bango, sai ya lanƙwaso ya bi jikinsa. Don haka ake sayar da waɗansu 'yan indararo na roba, tsawonsu kamar yatsa, waɗanda ake sakawa a bakin magudanar su ƙara mata tsawo. Kuɗinsu 'yan daloli ne, sa su kuma aikin 'yan mintoci. Waɗansu masu motocin ma maƙalin shanya kawai suke ɗanawa a bakin magudanar, ruwan ya bi shi ya ɗiga a ƙasa.

Inda babu magudana sam, kamar goshin motar da bayanta, ko saman tagogi da ƙofa, akwai wata doguwar roba mai kwarmi wadda ake mannawa. A goge wurin ya fita tas ya bushe, a manna ta da ɗan gangare zuwa gefe, kuma a yi aikin lokacin ɗumi domin gam ya kama sosai.

Sai dai magudana ba ta aiki idan ta toshe. Kwarminta ƙarami ne, ganye kaɗan da laka sun isa su cika shi, ruwan ya riƙa tumbatsa ta ko'ina. Tsohon buroshin haƙori ya isa a share ta. A kuma duba inda sanda biyu na magudanar suka haɗu, domin sau da yawa daidai nan ake samun shati mai kauri a tsakiyar bango. Ɗan danƙon liƙi ya wadatar a wurin.

SUTURAR BANGO

Magina ba su tsaya ga indararo ba, sukan shafe katanga da makuba ko laso domin ruwan da ya fantsamo ya zame. To, haka bangon mota yake bukatar tasa suturar. Fatar faiba idan ta sha rana takan dushe, ta buɗe 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, a cikinsu datti yake maƙalewa. Man goge mota mai kaki, ko irin na zamani da ake haɗawa a masana'anta, shi ke toshe waɗannan ƙofofi. Sau 2 a shekara ya isa ga mafi yawan motoci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a watsa ruwa a jiki, idan ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye ya gangare, suturar tana nan, idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. A bangon da aka shafa wa mai, shatin da ya fito da tsumma da ruwan sabulu kawai ake share shi.

Kantunan Amurka cike suke da ruwan feshi na cire baƙin shati, kuma da yawansu suna aiki. Amma ƙarfinsu yakan kwashe har da man da aka shafa, ya bar wurin tsirara, shatin gaba ya fi na baya kamawa. Wanda ya yi amfani da su lalle ne ya ɗauraye da wuri, kada ya bari su bushe, sannan ya mayar da mai a wurin. A kuma fara gwadawa a wani lungu, domin waɗansu suna dusashe zanen adon da aka manna a jikin motar.

A KARANTA SHATIN KAFIN A GOGE

Yanzu mun zo ga abin da ya fi kome muhimmanci. Kafin mutum ya kai tsumma, ya tsaya ya duba launin shatin da inda ya faro. Fari mai kama da alli daga robar rufi yake. Baƙi ko toka-toka wanda ya taso daga bakin rufi, datti ne. Wanda ya faro daga kusurwar taga, robar tagar ce ta tsufa. Kore-kore gansakuka ce, alamar motar ta daɗe a inuwa mai laima. Amma shati mai launin tsatsa wanda ya fito daga ƙarƙashin ƙusa ko daga wata gaɓa, wannan ƙararrawa ce: ruwa ya sami hanyar shiga.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufin waɗannan motoci cike yake da huda, ta na'urar sanyi, ta tagogin shan iska, ta bututun makewayi, ta eriya, kuma kowace da danƙo aka liƙe ta. Girgizar hanya da zafi da sanyi suna tsattsaga danƙon. Bangon kuwa a motoci da yawa falle-falle ne, faiba a waje, siririn katako a ƙarƙashinta, sannan soso mai tare zafi, duk an manne da gam. Idan ruwa ya shiga tsakani, katakon ya ruɓe, fatar waje ta saki ta yi kumburi. Kafin a ga tabo a cikin ɗaki, ɓarna ta riga ta yi nisa. Sake rufi ko bango aiki ne na dubban daloli, kuma kamfanonin inshora galibi ba sa biyan ɓarnar da ta taru a hankali saboda rashin kula.

Shi ya sa kamfanoni da dama suke umurtar mai mota ya duba gaɓoɓin rufi duk bayan kwana 90. Ranar wankin rufi ita ce ranar dubawa. Inda aka ga danƙo ya tsage ko ya ɗago, a share wurin, a zuba sabo irin wanda ya dace da robar. Masu gyara suna hana amfani da danƙon silikon na gine-gine a kan rufin roba, domin ba ya riƙe ta da kyau, kuma in an sa shi wani danƙon ba ya kamawa a kansa sai an kankare shi ƙarƙaf.

WURIN AJIYA

Mafi yawan waɗannan motoci sun fi daɗewa a ajiye bisa ga tafiya, saboda haka wurin ajiya yana da nasa rabon. Rumfa ita ce gaba da kome. In babu, akwai rigar mota ta yadi mai shan iska. Tamfol na leda ba shi da kyau, domin yana tare laima a ƙasansa, kuma iska tana kaɗa shi yana gurzar fenti. A guji gindin itace ko da inuwarsa tana da daɗi. Idan za a daɗe ba a taɓa motar ba, a ɗan ɗaga gabanta kaɗan yadda ruwa zai nufi baya ya fita ta wuri guda. Amma idan ana zaune a ciki, a daidaita ta, domin irin firjin da yake aiki da iskar gas yana lalacewa idan ya daɗe yana aiki a karkace.

MU A NAN GIDA

Gaskiya ne yawon hutu da motar kwana bai zama al'adarmu ba. Amma muna da dangin waɗannan motoci a gabanmu: motocin asibitin tafi-da-gidanka, da na ɗaukar marasa lafiya, da na watsa shirye-shiryen gidajen rediyo da talabijin, da tirelolin kwana na kamfanonin aikin hanya, da manyan safa-safa. Siffar dai ɗaya ce, faffaɗan rufi da miƙaƙƙen farin bango. Yanayinmu kuwa ya haɗa wahala biyu a shekara guda. Hunturu yana shimfiɗa ƙura a kan rufi wata da watanni, zafin bazara ya gasa roba da danƙo, sannan ruwan farko ya zo ya kwaso duka ya zubo. Ga kuma ɗabi'ar nan ta ɗauko kananzir ko fetur a goge duk tabon da ya ƙi fita, wadda a kan rufin roba gyaran gangar auzinawa ce.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a hau rufi a ƙasarmu shi ne ƙarshen rani, kafin hadarin farko ya haɗu, daidai lokacin da masu gidajen soro suke kiran magini ya yi yaɓe ya gyara indararo. A share, a wanke, a duba gaɓoɓi, a buɗe magudana, a shafa wa jiki mai. Da yawa daga cikin motocin da muka lissafa da kuɗin jama'a aka saye su, kuma motar asibitin da rufinta ya yi yoyo ta tsaya, mutanen ƙauye ne za su ji a jikinsu. Muna fata direbobi da jami'an da aka damƙa wa amanar irin waɗannan motoci za su sa wankin rufi cikin jerin ayyukansu, kamar yadda suke duba baƙin mai da taya. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.